Asawakin Kare

Lambunmu yana cikin kwari, ƙasa da garin Tama, inda ruwa yake kusa da ƙasa ko da rani. Albasa muke yi, da ɗan tumatir da tattasai a gefe. Daga gida zuwa can akwai ɗan nisa, shi ya sa mahaifina ya kafa bukka a gindin mangwaro don mai gadi. Ni ne mai gadin, tun da na bar lakwal, makarantar boko, a aji biyar.

Karen ya zo hannuna a shekarar babban fari, cikin alif ɗari tara da saba'in da wani abu. Wani Buzu makiyayi ya sauka gefen lambun da iyalinsa, dabbobinsa sun ƙare sai raƙumi ɗaya da ƴan awaki. Mahaifina ya bar shi yana ɗibar ruwa a rijiyarmu. Ranar da zai wuce kudu ya miƙo ɗan kwikwiyo, ya ce uwar ba ta da nono. Mahaifina bai so ba, amma ba a mayar da kyautar wanda ya rasa komai. Ya karɓa, ya juyo gare ni.

"Kai anka ba," in ji shi. "Lambu za shi zamna. Kada in gan shi cikin gida."

Haka aka yi. Ya girma dogo, siriri, jaja-jaja, ƙafafu kamar na barewa. Ban raɗa masa suna ba. In ina neman sa fito nake yi. Aikinsa korar awaki da rana, da dila da masu dogon hannu in gari ya yi shiru, kuma bai taɓa wasa da aikin ba.

Daga nan mutane suka riƙa raguwa a kaina, ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina ya fara rasuwa, mahaifiyata ta bi shi. Na yi aure, matar ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ƙannena biyu kuwa, da an kai gero rumbu sai su hau kamyo, babbar motar kaya, su tafi bida, wato ci-rani, Abijan, ba a ganin su sai hadari ya fara haɗuwa. Daga baya ma suka daina dawowa kowace shekara. Gidan ya yi mini faɗi, na rufe ɗakunan, na koma bukka da kwana.

Ranata tana da tsari, kuma ba na sauya shi. In yi sallar asuba, in ja ruwa in shayar da fangalan gabas kafin rana ta fito sosai. In karya. In cire ciyawa. Da la'asar in shayar da na yamma. In rana ta kusa faɗuwa in wanke jikina in hau gari, in yi magariba a masallaci, sannan in zauna ciyayya a ƙofar gidan ƙanen mahaifina, wanda nake kira Baba. Kowane magidanci a layin yakan fito da akushinsa, a zauna a tabarma ɗaya, a ci na wannan a koma na wancan. Ni ba ni da mai dafa mini, matar Baba ce, Inna, take saka ni cikin tukunyarta. Ba ni da yawan magana, kuma an san ni da tsauri, don haka ba a cika ja na da wasa ba. Duk da haka wannan zama shi ne kaɗai lokacin da nake jin muryar mutane kusa da kunnena. In an tashi sai Inna ta ba ni ƙanzon tukunya a ƙwarya, in gangara da shi, karen yana jira na a bakin shinge.

Ciwon ya fara ne a wani lokacin sanyi, albasa ta fara yin kai, shi kuma karen ya manyanta. Abin da na fara lura da shi wari ne. In ya yi hamma kusa da ni sai in kau da fuska. Bayan wannan ya daina taɓa ƙanzo sai na jiƙa masa. Sannan ya riƙa karkata kai gefe ɗaya in zai tauna, abincin yana zubowa. Sannan ya riƙa goga bakinsa da ƙafa. Daga ƙarshe ƙasan idonsa na hagu ya kumbura, yawu ya riƙa dalala daga bakinsa har ƙasa, wani lokaci da jini-jini. Ya rame, haƙarƙari suka fito. Na yi ƙoƙarin buɗe bakin in gani, ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ya shige bayan bukka.

Akwai wata mata mai kawo fura lambuna da hantsi. Ran nan ta shigo, ba ta lura da shi kwance a inuwar shinge ba, zanenta ya shafi fuskarsa ta wajen kumburin. Ya zabura ya yi mata gurnani, bakin nan yana zubar da yawu. Bai cije ta ba, ko taɓa ta bai yi ba. Amma ta yar da ƙwaryar ta hau gari da gudu. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa karen lambu ya haukace.

Ba zan ce tsoronsu na banza ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin mutumin da haukan kare ya kama ba ya son a maimaita masa, kuma dattawanmu sun gani. Abin da suka sani shi ne, kare mai dalala da gurnani ba a jiran sa.

Da yamma a wurin ciyayya ba wanda ya sa hannu a akushi sai da Baba ya yi magana.

"Ɗana, mi ka damun karen ga naka?"

"Bakinsa ne, Baba."

"Mun sani bakinsa ne. Hauka ai ta baki take hitowa."

Aka yi ƴar dariya. Na ce mahaukacin kare ba ya sanin mai shi, kuma ba ya zama wuri ɗaya, nawa kuwa yana kwance, in na yi fito yana kaɗa wutsiya, yana shan ruwa.

"Kai likita ne?" in ji wani maƙwabcin Baba, mai sayar da goro. "Aji biyar ɗin ga naka, har da na karnuka anka koya muku?"

Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce mai gari ya aiko: ko in kashe shi da kaina, ko a turo samari da sanduna. Na roƙi a kai ni wurin mai gari. Muka je bayan isha'i. Na durƙusa na ce, ranka shi daɗe, a ba ni lokaci in nemi mai duba shi. Mai gari mutum ne mai sanyi. Ya ce in ɗaure shi da igiya mai ƙarfi, kuma kada ranar kasuwa ta same shi a kwarin yana dalala. In ta same shi, ba ruwansa.

Washegari na fara da wanzami, don shi ne mai cire wa mutane haƙori a garinmu. Na same shi a rumfarsa yana wasa aska, mutum biyu suna jiran aski. Na gaishe shi, na faɗa masa buƙatata a hankali don kada su ji. Shi kuwa ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku ji mini! Wai in ciro hantsakina in sa bakin kare!"

"Sarkin aska, zan saya maka wani."

"Ka saya mini wani suna kuma? Ƙarhen da na sa bakin liman shekaranjiya? Gobe in na buɗe zabira kowa shi rufe bakinai shi gudu. Tahi, ɗan'uwa, tahi. In kai ne haƙori ka ciwo, zamna in cire maka biyu kyauta."

Ban yi fushi da shi ba. Sana'arsa yake karewa. Amma da zan fita ya rage murya ya ce in gwada likitan dabbobi a Buza, tunda shi gwamnati ta ba shi ƙarfe, ba gadon ubansa ba ne.

Na roƙi maƙwabcina na lambu ya shayar mini da albasa yini ɗaya. Na ɗaura wa jaki mangala, na sa karen a gefe ɗaya, na sa duwatsu da goran ruwa a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita. Na ɗaure masa baki da tsumma sako-sako saboda mutanen hanya. Muka fita daga kwari muka hau tudu, inda ba komai sai jan dutse da ƴan ƙayoyi. Duk tafiyar bai yi motsi ba, ya ɗora haɓa a bakin mangala yana kallo na. Waɗanda muka haɗu da su a hanya sukan amsa sallama, in sun ga abin da ke cikin mangala sai su ratse.

Ma'aikatar kiwo a Buza ɗaki biyu ce da fili mai shinge, inda ake yi wa shanu allura. Likitan saurayi ne, ban girme shi sosai ba, da farar riga da ta sha wanki. Ya saurare ni har na gama, kuma na faɗa masa komai bi da bi, daga wari har gurnani. Ya ce in sauke karen in ɗaure shi a turke, in matsa. Ya tsaya daga nesa yana kallon sa. Na ce a kawo ruwa ya gani, yana sha.

"Shan ruwa ba shaida ba ne," in ji shi. "Mahaukacin kare ma yakan sha. Ni ma ina zaton haƙori ne, dubi kumburin nan. Amma ba zan sa hannuna a bakinsa a kan zato ba, kuma kai ma ka daina. Ka bar shi nan a ɗaure har kasuwa biyu ta ci. In hauka ce, ba zai kai ba. In ya kai, sai mu buɗe bakin."

Na tambaye shi ko ya taɓa yin wannan aiki. Ya ce a kan kare bai taɓa yi da hannunsa ba, amma lokacin da yake koyo a Yamai ya riƙe wa malaminsu karnukan Turawa ana kankare musu haƙora. Na ji daɗin da bai yi mini ƙarya ba. Ya yi wa karen allura a cinya saboda kumburin, ni na riƙe kan. Ya ce mai gadinsu zai riƙa tura masa kunu da sanda. Na bar gero da ɗan abin sayen nono.

Da na juya jaki zan tafi, karen ya miƙe ya ja igiya har ta shaƙe shi. Ban waiwaya ba sai da na fita shingen.

Waɗannan kwanaki su ne mafi tsawo da na yi a lambun nan. Na yi zaman makoki sau uku kafin wannan, amma a makoki akwai mutane, ana shigowa ana fita. Wannan kuwa ba wanda zai yi maka gaisuwa a kansa. Ina jan ruwa, in ɗaga kai in dubi gindin mangwaro, ba kowa. Awaki suka gane, suka riƙa shigowa ta ɓarakar shinge, ni ne mai bin su da dutse. Na lura ashe duk shekarun nan ina yi wa karen magana in ina aiki, ina cewa bari mu koma fangalin can, ko yau ruwan ya ja baya. Da babu mai ji sai na daina, har in yini ban buɗe baki ba sai a salla. Mai fura ba ta sake zuwa ba. A wurin ciyayya ba wanda ya tambaye ni. Inna ta ci gaba da miƙo mini ƙanzo don ta saba, ni kuma ina karɓa, in zuba wa jaki.

Na je duba shi sau ɗaya a tsakani. Yana nan da rai, kumburin ya ɗan sauka, amma dalalar tana nan. Ya gane ni tun daga nesa. Likitan ya hana ni matsawa, na tsaya bayan shinge na yi masa fito, na komo.

Da wa'adin ya cika na koma da sassafe. Likitan ya ce to, wannan ba hauka ba ce. Ya sa aka shimfiɗa buhu a kan wani tebur a inuwa. Ya tafasa ƙarafansa a tukunya. Ya yi wa karen wata allura, ba a jima ba ƙafafunsa suka saki, na ɗauke shi na kwantar. Ya sa guntun itace tsakanin muƙamuƙai, ya ce in riƙe kan, in ja leɓen sama.

Ranar na fara ganin cikin bakin dabbar da na zauna da ita shekara da shekaru. Haƙoran gaba da fiƙoƙi da sauƙi. Na baya kuwa ba a ganin farinsu ko kaɗan. Wani abu mai tauri, ruwan ƙasa-ƙasa, ya lulluɓe su kamar ƙanzo a gindin tukunya, dasashin ya yi ja ya janye. Babban haƙorin turmi na hagu na sama ya tsage biyu, da ya danna gefensa mugunya ta fito.

"Ga haukar nan," in ji likitan. "Ƙashi ya fasa ko dutse, ya tsage, ya ruɓe daga ciki. Me kake ba shi?"

"Tuwo da ƙanzo. Da kunu."

"Abu mai laushi yana manne wa haƙori. Na daji da ke yagar fata da jijiya, abincinsu ke goge musu."

Ya fara da kankara. Da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a baki ya riƙa sa shi a gindin haƙori yana jawowa ƙasa, dattin yana ɓallewa ɓaro-ɓaro. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na sama sannan na ƙasa, dama sannan hagu, yana goge jini da auduga. Na ji daɗin yadda yake aikin, ba ya tsallake ko ɗaya. Sannan ya koma kan tsagaggen. Wannan ya ba shi wuya. Ya girgiza shi da hantsaki ya daɗe, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya fito da shi gutsure-gutsure, ya tono saiwar da ta rage. Ya wanke ramin da ruwan gishiri, ya danna auduga har jinin ya tsaya. Wani ƙaramin haƙori a ƙasa yana girgiɗi, shi ma ya cire shi.

Da ya wanke hannu ya ce mini aikin da ya yi ba zai daɗe ba in ban taimaka ba. Dasashin ya riga ya lalace. In aka bar shi, dattin zai komo, wani haƙorin ya ruɓe, dalala ta dawo. Ya ce in ramin ya warke in riƙa goge masa haƙora kullum, da tsumma da ruwan gishiri kaɗan, ko da asawaki mai laushi. Na ce asawaki? Ya ce shi ma haƙori ne.

Na naɗe gutsattsarin haƙorin a tsumma, muka komo da yamma, karen yana layi cikin mangala. Na kai wa mai gari ya gani. Ya duba daga nesa bai taɓa ba, ya ce tun da ya kai yau da rai, kuma likitan gwamnati ya sa hannu a bakinsa, magana ta ƙare. Amma ya ƙara da cewa, in an sake ganin dalala ba zai iya tare mutane karo na biyu ba.

Cikin ƴan kwanaki kumburin ya sace, yawun ya tsaya, ya fara cin abinci kamar mai rama bashi. Na saka gogewar cikin tsarin safiya, bayan shayar da fangalan gabas, kafin karin kumallo. Nakan yanko ɗan reshen aduwa, in daddaƙe bakinsa da dutse har ya yi laushi, in tsoma a ruwan gishiri. In zauna a kan wani tsohon turmin daka da ya fashe, in sa kansa a cinyata, in ɗaga leɓe da yatsa, in bi haƙoran yadda na ga likita ya bi. Da fari yana ƙwacewa. Daga baya da ya ga na ɗauko reshen sai ya zo da kansa ya ɗora kai. In na gama in wanke hannuna da ƙasa da ruwa yadda aka koya mana, in ƙara da sabulu.

Lambu ba ɗaki ba ne, shingen ƙaya ba ya ɓoye komai. Maƙwabcina ya gani, ya faɗa, ba da mugunta ba, don abin ya ba shi dariya. Da yamma mai goro ya tarye ni da shi tun kafin in zauna.

"Ga ladanin karnuka nan! Yau ka yi mai asawaki, gobe alwala, jibi mu gan shi sahun gaba!"

Aka yi dariya sosai, har da Baba.  Na zauna, na wanke hannu, na sa a akushi. Sai na ga wanda ke gefena ya janye nasa hannun, ya koma wani akushin. Na biyun ma haka. Na ci ni kaɗai a wannan akushi, kuma da aka matso da na gaba ba a matso da shi wajena ba.

Haka aka yi kwana da kwanaki. Wasan ya ƙare, janyewar ba ta ƙare ba. Ran nan Baba ya riƙe ni bayan an watse.

"Ɗana, ni na riƙe ka wurin ubanka. Mutanen ga ba su ƙi ka ba. Amma hannun da ka shiga bakin kare da sahe, shi ka shiga tuwonsu da dare. Abin na tsaya musu a wuya."

"Ina wankewa, Baba. Da ƙasa, da sabulu."

"Na sani. Na ma tambayi liman, ya ce in ka wanke ka tsarkaka, ba wani zance. Amma ƙyama ba ta jin karatu. Ka bar abin ga. An cire haƙori, ya warke, mi ya rage?"

Na bari. Maganar Baba ba abin wasa ba ce a wurina, kuma ba zan ɓoye ba, ina son zaman nan. Na sanar a wurin ciyayya cewa na daina, hannaye suka dawo cikin akushina a hankali. Da safe karen yakan zo ya tsaya gaban fasasshen turmin yana jira, in wuce shi in ɗauki fartanya.

Aka cire albasa, zafi ya shigo. Kafin ruwan farko warin ya dawo. Na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya sake yin ja, dattin ya fara taruwa a gindin turamen dama, waɗanda da su kaɗai yake tauna yanzu. Wata safiya na ga zaren yawu a gefen bakinsa, siriri, bai kai ƙasa ba. Na goge shi da tsumma, na dubi shinge ko wani ya gani. Ba kowa.  Na san abin da mai gari ya ce, na san kuma ba za a sake ba ni kasuwa biyu ba.

Na yanko aduwa a ranar.

Ban yi shi a ɓoye ba, don ba na iya cin abinci da mutane a kan ƙarya. Da yamma na je wurin Baba kafin a fito da akusa, na durƙusa na faɗa masa na koma, da dalilin. 

"Kare ne hwa, ɗana."

"Kare ne, Baba."

"To. Allah shi kyauta."

Bai kore ni ba, kuma ba wanda ya ce kada in zo. Inna ta riƙa zuba mini nawa a wani kwano daban, ana ajiye mini a bakin tabarma. Na zauna haka na ɗan lokaci, ina ci a gefe, ana hira ta bisa kaina. Sai na ga zaman ya fi rashinsa ciwo, kuma ina takura musu, don in ina wurin ba sa sakewa. Daga nan na sauya tsarin yammata, wanda ban taɓa sauyawa ba tun rasuwar matata. In yi magariba, in gaida Baba, in zaga ƙofar baya in karɓi kwanona a hannun Inna, in gangara kwari kafin duhu ya rufe hanya.

Dalalar ba ta sake dawowa ba. Ya rayu shekaru bayan haka, ya ga farin da ya biyo baya, lokacin da ni da shi muka raba abin da bai isa mutum ɗaya ba. Ya rasa wasu haƙoran da tsufa, amma ba wanda ya sake ruɓewa, kuma ba wanda ya sake zuwa lambun da sanda. Mai fura ma ta komo daga baya, sai dai takan tsaya a waje ta miƙo ƙwarya ta saman shinge.

A waɗannan shekarun nakan ci tuwona a bakin bukka, ina fuskantar tudu. In iska ta juyo daga gari takan kawo muryoyin masu ciyayya, ba a jin kalmomin, sai tashin dariya jefi-jefi, nakan gane ta mai goro a ciki. Karen yana kwance nesa kaɗan, don ban taɓa barin sa kusa da kwano ba, yana jira in gama in jiƙa masa nasa.